Tsakanin Kaduna da Kumasi

A sama, tsakanin Kaduna da Kumasi bai fi kilomita 1,100 ba, tafiyar da jirgi zai yi cikin sa'a biyu har da saura. To amma wane jirgin? Mu da ke zaune a Kajuru sai mun fita Kaduna, mu nufi Abuja ko Legas, mu sauka a Akra, sannan mu nemi hanyar Kumasi. Kuɗin tikitin kuwa ya fi jarin shagona.

Saboda haka mota muke bi: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao. Iyaka uku, kowace da layinta da masu miƙo hannu. Kakanninmu fataken goro wata da watanni suke yi da jakuna kafin su kai Gwanja, amma su ba wanda ya tambaye su fasfo.

A 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, Inna ta kwanta ciwo a Zangon Kumasi. Yayana ya kira ni ya ce, "Ƙanena, hau jirgi mana, ai kusa ne." Na ƙirga abin da ke hannuna, bai kai rabi ba. A waya na yi mata sannu, kwana tara a jere, har ranar da Yaya ne ya ɗauka.