Kafin Ka Sayi Maganin Taifod

Kusan kowace yamma, idan na taso daga aiki na dawo Ƙofar Marusa, sai an tare ni da takardar gwajin Widal, ana neman in faɗi maganin da za a saya. Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta kawo ta ɗanta. Sau uku ke nan a bana ana ce musu taifod ne, sau uku yaron yana shan ciprofloxacin, zazzaɓin kuwa bai rabu da shi ba.

Mai karatu, ga abin da takardar nan take nufi. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yakan ƙera sojojin kariya da ake kira antibodi, kowanne da sashen ƙwayar da yake ganewa. Gwajin da likita Bafaranshe Fernand Widal ya fito da shi a 1896 yana neman sojojin da ke kama sassa biyu na Salmonella Typhi, wato O da H. Sai dai dangin wannan ƙwaya ma suna da irin sassan nan, kuma sojojin sukan daɗe a jini bayan an warke. Don haka takarda na iya nuna taifod alhali wani ciwo ne daban.

Shi ya sa masana suka shiga neman alamar da ta fi gaskiya. Bayan an karanta tsarin halittar ƙwayar a 2001, aka iya ƙera dubban furotin ɗinta, a ɗiga kowanne a gurbinsa kan ɗan gilashi, a zuba ruwan jinin waɗanda aka tabbatar da cutarsu, sannan na masu lafiya. Furotin da sojojin majinyata suka fi mannewa, shi ne abin nema. Irin wannan tacewa ce ta fito da HlyE, wanda aka gwada da jinin yaran Najeriya, aka wallafa sakamakon a 2016.

Kafin irin wannan gwaji ya wadata, ka nemi likita ya sa a yi gwajin kalca, wanda ke rainon ƙwayar kanta daga jini, tun ba a fara shan magani ba. Yakan ɗauki kwanaki, amma shan maganin da ba a buƙata yana koya wa ƙwayoyin cuta bijire masa.

Na ce wa maƙwabciyata, “Hajiya, a kai shi asibiti a bincika sosai.” Ashe a mafitsara ciwon yake. Yanzu ya koma makaranta.