Agogon Sito a Kakar da Babu Sabis

Litinin, 11 ga Oktoba, 2021

Sabuwar masara ta fara shigowa Funtua. Alhaji mai sito ya aiko yaro ya kira ni, domin waya ba ta shiga tun watan Satumba da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi.

Na tarar da wani dattijo a bakin sikeli riƙe da rasit. Ranar Asabar ya kawo buhunansa, amma takardar ta ce Alhamis, kuma tsakanin ranakun biyu farashi ya ɗaga. Akawu ya ce shi abin da na'ura ta buga yake bi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ranar Alhamis ina gona, masarar nan ko casa ta ba a yi ba."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan duba." Alhaji ya biya shi a farashin Asabar, sannan ya ce mini yana son sanin abin da ya ci kwana biyu a cikin na'urarsa.

Talata, 12 ga Oktoba

Ƙaramar kwamfutar da ke haɗe da sikelin Raspberry Pi ce, tana aiki da Linux. Ba ta da agogo mai batir. Muddin tana kunne tana ƙirga lokaci daidai, amma da zarar wuta ta ɗauke ƙirgen ya tsaya. A da, idan ta farfaɗo takan tambayi lokaci ta intanet, ta tsarin NTP da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya tsara a shekarun 1980. Yanzu babu wanda za ta tambaya. Sai ta ɗauko lokacin ƙarshe da ta ajiye a fayil ta ɗora daga nan. Duk daren da aka kashe janareto, awannin nan sun ɓace mata. Akawu yakan gyara da hannu idan ya tuna, idan layin buhuna ya yi tsawo kuma ya manta. Ta haka kwana biyun Baba suka tafi.

Wanda ya rubuta manhajar ya ɗauka intanet kullum tana nan. A garinmu dole mai rubutu ya soma da tambayar abin da na'ura za ta yi ranar da ba wuta, ba sabis.

Laraba, 13 ga Oktoba

Na bi ta Bakori zuwa reshen siton a Malumfashi. Can abin ya fi muni: rasit ɗin safe yana ɗauke da 1 ga Janairu, 1970, ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na dare. Masu dako suna ta dariya, wai masarar ta girmi akawu.

Dalilin a fili yake. Linux ba ta ajiye rana da wata da shekara. Lamba ɗaya take riƙewa, wato adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun tsakar daren 1 ga Janairu, 1970 a agogon duniya na UTC. Wannan na'urar ba ta ajiye lokacin ƙarshe, saboda haka daga sifili take tashi. Mu kuma muna gaban UTC da awa ɗaya, shi ya sa ta nuna ƙarfe ɗaya.

Na ga wata matsalar da idona. Akawu ya saita agogo ya wuce da minti goma, ya dawo da shi baya daidai lokacin da buhu ke kan sikeli. Na'ura ta ƙame. Manhajar tana jiran daƙiƙa uku nauyi ya natsu kafin ta rubuta, kuma da agogon nan da akawu ke saitawa take auna jiran. Da aka ja agogon baya, ukun nan suka koma minti goma. Ɗan dako yana tsaye gumi na zuba, manomi yana zargin ana masa coge.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Yau na wuni a kan rubutu. Linux tana ba mai rubutu agogo iri biyu. Na farko, CLOCK_REALTIME, shi ke faɗin ƙarfe nawa, kuma ana iya tura shi gaba ko a ja shi baya. Na biyu, CLOCK_MONOTONIC, yana ƙirga ne tun daga kunna na'ura, bai san rana ba, amma ba ya taɓa komawa baya. Duk inda ake auna tsawon jira na mayar da shi kan na biyu. Na farko na bar wa kwanan wata kaɗai.

Na ƙara abu uku. Kowane rasit zai ɗauki lamba mai bin ta baya, ko da agogo ya rikice a san wanda ya riga wani. Za a ajiye lokaci a UTC, sai wajen bugawa a juya shi zuwa namu. Idan kuma na'ura ta tashi ta ga agogonta yana bayan rasit na ƙarshe, ba za ta buga komai ba, za ta rubuta wa akawu da Hausa cewa a tabbatar da lokaci tukuna. Gara ta yi shiru da ta shaidi abin da ba ta sani ba.

Lambar daƙiƙoƙin ma na faɗaɗa mazauninta a rumbun bayananmu zuwa bit 64. Mai bit 32 yana cika a 2,147,483,647, wato ranar 19 ga Janairu, 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogonmu, daga nan sai ya faɗa Disambar 1901. Na'urar sito takan daɗe fiye da zaton mai haɗa ta.

Juma'a, 15 ga Oktoba

Bayan masallaci na zauna da ladanin unguwarmu. Wayoyin mutane sun fara saɓa wa juna tunda ba sa samun gyara daga layi, shi kuwa ya ce bai damu ba, inuwa yake kallo. Lissafi yana bayansa. Agogon Nijeriya, wanda aka tsayar a awa ɗaya gaban agogon Girinic (UTC a yau) tun 1919, an ɗora shi ne a kan layin taswira na digiri 15 gabas, Funtua kuwa tana wajen digiri bakwai da ɗoriya. Tazarar ta kai kusan rabin awa. A 'yan kwanakin nan rana tana tsayawa tsaka wajen sha biyu da kwata.

Na ce, "Allah gafarta Malam, kai agogonka ba ya buƙatar sabis." Ya ce ai daga sama yake zuwa. Na dawo gida da tunanin cewa sito ma yana da nasa a sama: taurarin GPS suna ɗauke da agogon atom, suna watsa lokaci kyauta, kuma mai karɓa ba ya buƙatar layin waya.

Asabar, 16 ga Oktoba

Direba ya kawo saƙona daga Kano: ƙananan allunan agogo samfurin DS3231 da baturansu masu kamar kwabo, da na'urar karɓar GPS. Agogon yana aiki da ƙwayar kwaz mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Irin na gama-gari zafi da sanyi suna karkatar da shi, yakan zame kusan minti ɗaya a wata. Wannan kuwa yana auna zafin jikinsa yana gyara kansa, zamewarsa ba ta wuce kimanin minti ɗaya a shekara ba. A ƙarƙashin kwanon sito da tsakar rana, wannan bambanci ne babba.

Na ɗaura ɗaya a na'urar Funtua, na fitar da eriya ta taga, na saita shi da GPS. Sannan na ce wa akawu ya zare wuta. Muka ci abinci muka dawo, aka kunna, rasit ya fito da ranar yau da mintin da muke ciki.

Alhaji ya tambayi kuɗin kayan, na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce bai kai ribar buhu kaɗan ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, manomi ba ya iya karanta abin da ke cikin na'ura. Ranar da ke kan takarda ita ce shaidarsa, kuma amana ce a wuyanmu." Ya sa akawu ya fito da duk rasit ɗin da aka buga tun Satumba a gwada su da littafin hannu, duk wanda kwana ya cuta a nemo shi a cika masa. Litinin in Allah ya kai mu zan koma Malumfashi da ɗaya agogon.