Tambayar Da Ta Kai Ni Japan

Bara aka fasa auren 'yar yayata, saura wata biyu a ɗaura. Dangin ango sun yi bincike, suka ji kawunta, watau ƙanena, yana da taɓin hankali, irin wanda mutum kan ji muryoyi ba mai magana, ya riƙa zargin ana binsa da sharri. Likitoci suna kiransa sikizofiriniya. Aka aiko aka ɗauke lefe. Da dare yarinyar ta ce mini, "Inna, ni ma zan taɓu ke nan?" Na rasa amsa. To, neman amsar nan ne ya kai ni ga labarin Japan.

Mutanen Japan sun daɗe da tsoron gadon wannan ciwo. Daga 1900 har 1950 doka ta yarda iyali su kulle mai taɓin hankali a wani ɗan keji cikin gida. Cikin 1948 kuma suka yi dokar tsai da haihuwar waɗanda ake jin za su gadar da cuta. Kafin a soke ta a 1996, an yi wa mutum wajen 16,500 aiki ba da yardarsu ba, mafi yawansu mata. Kai, abin da ban tausayi! Sai a 2024 kotun ƙolinsu ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Shin gadon gaskiya ne? Akwai shi, amma ba yadda suka zata ba. A 2019 masana suka duba ƙwayoyin gado na masu ciwon fiye da 22,000 daga gabashin Asiya, har da Japanawa, suka tarar kusan duk ɗaya ne da na Turawa. Ba ƙwaya guda ke kawo shi ba, ɗaruruwa ne, kowace da ɗan nauyinta kamar ƙwayar gero a mudu, kuma dukanmu muna ɗauke da wasu. Ashe masu waccan doka sun yi ta yanka ne a kan abin da wuƙa ba ta iya cirewa.

Ga lissafin. Cikin jama'a, kamar mutum ɗaya cikin ɗari ke kamuwa. In uwa ko uba na da shi, wajen goma cikin ɗari. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in Hassana ta kamu, sau da yawa Husaina lafiya lau. Wadda kawunta ke da shi kuwa, bai wuce huɗu cikin ɗari ba.

Na rubuta mata wannan huɗun a takarda, na sa ta ɗebe daga ɗari da kanta, tun da 'yar makaranta ce. Ta ce casa'in da shida, ta ninke takardar ta sa cikin jakarta. Kawun nata kuwa yana shan maganinsa, yana kan kekensa na ɗinki. Shi ya ɗinka mata kayan sallar bana.