Da Sauƙi

Bahaushe ko ciwo ya kai shi gargara, in aka ce masa "Yaya jiki?" amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Haka nan labarin mutuwa, ba a faɗarsa gaba gaɗi, sai a fara da cewa jikin wane ya yi tsanani. Wannan kara kuwa takan bi mutane har ɗakin likita.

Wata dattijuwa a Zariya ta kamu da sankarar mama. Likita ya ja babban ɗanta gefe ya shaida masa, shi kuwa ya roƙi a rufe zancen, wai kada zuciyarta ta karaya. Wata 4 ana ce mata gyambo ne, alhali tana lura da yadda hira ke mutuwa da zarar ta farka.

Ɓoyon nan ba Hausawa kaɗai suka san shi ba. A Amurka, cikin 1961, kashi 90 bisa ɗari na likitocin da aka tambaya sun ce sun fi son su ɓoye wa mai sankara cutarsa. Zuwa 1979 kashi 97 sun koma faɗa. Sai dai faɗar ma iri-iri ce. Tsohuwar nan ba ta bukaci sunan cutar da Turanci ko lissafin watanni ba. Bukatarta a zauna, a dube ta, a amsa iyakar abin da ta tambaya, cikin harshenta.

Ran nan ta tsai da likitan. "Ɗan nan, akwai bashi a kaina, akwai kuma ƙanwata a Kano, shekara 9 ba ma ga maciji. In jira sai bayan damina?"

Ya jawo kujera ya zauna, sa'an nan ya ce, "Iya, ki tafi cikin makon nan."