Inci shidan da suka kusa ja mana asara

Mu uku ne, duk 'yan aji biyu na babbar sakandare masu koyon aikin lantarki, kuma duk haihuwar Yawuri. A hutun da ya wuce, yayan ɗayanmu da ke saro kayan gwanjo daga Legas ya tsinci wani abu a cikin kayansa, ya rasa wanda zai saya, sai ya bar mana. Doguwar sanda ce, da 'yar farfela a ƙasa, da hannun tuƙi a sama, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Da muka bincika a waya muka gane injin jirgin ruwa ne mai amfani da batir, irin wanda masunta a Amurka ke maƙalawa don su riƙa tafiya a hankali ba tare da sun kori kifi ba. Tun 1934 wani mai suna O.G. Schmidt ya fara ƙera irinsa a garin Fargo. Muka jona shi da batirin mota, farfela ta juya. Sai tunaninmu ya tafi kan Kawu.

Kawun ɗayanmu ne, amma duk haka muke kiransa. Shekara da shekaru da filafili yake shiga ruwa, yanzu kafaɗa ta fara yi masa gardama. Injin fetur kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ko masu shi sai sun yi lissafi kafin su tayar.

Matsalar farko ta bayyana tun kafin mu taɓa ruwa. An yi maƙalin injin ne don jirgi mai shafaffen baya, inda za a matse shi da dunƙulallun kusoshi biyu. Kwalekwalen Kawu kuwa gaba da baya duk tsini ne. Shawararmu ta farko, wadda yanzu muke jin kunyarta, ita ce a yanke tsinin bayan a buga katako a miƙe. Kawu ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Yara, injin nan da kwalekwalen nan, wanne ne ya ciyar da ku?" Ba mu sake tayar da maganar ba.

Sai muka koma wurin kafinta. Ya ba mu guntun maɗaci mai kauri, muka gicciya shi a kan bakin jirgin kusa da baya, ya leƙo waje ta hagu kamar taki ɗaya, muka kafa wani ɗan katako a tsaye a ƙarshensa don injin ya samu abin kamawa. Da noti huɗu muka ɗaure, ta yadda duk ranar da Kawu ya gaji da mu zai kwance abinsa jirgi ya koma yadda yake.

Saura sanda. Tsawonta inci 42, an yi ta don jirgi mai tudu. A kwalekwale, idan ka sauke ta duka farfela na shiga taɓo, idan ka ɗage ta hannun tuƙin ya wuce kan wanda ke zaune. Dole a rage. Sandar bututu ce, wayoyi na bi ta cikinta daga kan injin zuwa motar da ke ƙasa, don haka ta sama ake yankewa: a cire kan, a kare wayoyin kada zarto ya taɓa su, a yanke, a huda sabon ramin kusa, a mayar. Ƙa'idar da muka karanta ta ce motar ta nutse kamar inci 12 a ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba farfela za ta riƙa jan iska, ta yi ta ɓurɓuri ba tafiya.

Muka shiga jirgin da tef, mu uku muka taru a baya muna awo. Daga katakonmu zuwa ruwa inci 8. Muka tara da 12, muka bar 6 na wuyan sama, ya zama 26. Ke nan inci 16 za mu yanke. Muka ja layi da biro, har an ɗauko zarton ƙarfe.

Kawu yana zaune a gefe yana ɗinkin birgi. Bai san amfiya ba, bai san balti ba. Ya ce, "Idan na fita kamu, ku ukun nan za ku bi ni ku zauna a nan?" Muka ce a'a. Ya ce to mu fito. Ya sa ƙaramin ɗansa, wanda shi ne zai riƙa tuƙi, ya zauna a baya, shi kuma ya taka zuwa goshin jirgin ya tsaya yadda yake tsayawa in zai jefa birgi. Muna kallo bayan jirgin ya ɗaga. Muka sake awo daga cikin ruwa, wando a naɗe: inci 14. Da mun yanke a layinmu, duk lokacin da Kawu ya miƙe zai yi jifa farfela za ta taso ta riƙa dukan iska. Kuma sanda in ta gajarta ba ta ƙaruwa, ba mu kuma san inda za mu samo wata ba a duk faɗin Kebbi. Inci 10 muka yanke, hannu na rawa.

Sauran kura-kuran namu ne mu kaɗai. Wayar da muka ƙara siririya ce, ta yi zafi har robarta ta fara wari, domin a cikakken gudu injin na jan kusan amfiya 30. Muka canza da mai kauri, muka sa fiyus dab da batir. Batirin kansa nauyi gare shi, ga inji a hagu, jirgi ya karkata. Muka matsar da shi tsakiya ta ɓangaren dama, a cikin akwati a kan dakali, saboda kwalekwalen katako ba ya rabuwa da ruwa a cikinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka mun yi wa Kawu jirgin tsere. Batir mai lamba 100 a takarda zai yi awa uku da ɗoriya a cikakken gudu, amma irin wannan batirin in ana shanye shi ƙasa da rabi ba ya daɗewa, don haka awa ɗaya da rabi muka ce masa. Idan Neja ta cika tana gudu, injin ba ya iya ja da ita. Ciyawar ruwa da tsohon zaren kalli na naɗe farfela, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Abin da yake yi da kyau shi ne lallaɓawa: ya kai ka kan garken ƙarfasa shiru, ba hayaƙi, ba ƙara.

Ranar gwaji da asuba muka fita, kowa da aron rigar kariya. Yaron ya murɗa hannu zuwa lamba biyu, jirgi ya zame daga gaɓa. Kawu yana tsaye a goshi, birgi a kafaɗa. Bai ce mana komai ba sai da muka yi nisa, sannan ya waiwayo ya tambayi ɗansa ko ya saka filafili a jirgi. Yaron ya ɗaga masa guda biyu.