Baƙin Da Ke Cikin Shinkafar Yaya

Yau dai ba cigaban labari na kawo muku ba, ku yi mini afuwa. Wani abu ne ya faru da ni a shekarar 2022, na ga ya kamata ku ji.

Yayana manomin shinkafa ne a wajen Kadawa, kuma duk shekara nakan zuba ɗan abin da na samu na littafi a gonarsa, in an yi girbi a raba. A shekarar da nake faɗa taki ya yi tashin gwauron zabi. Rannan da yamma sai ga Yaya ya shigo gidana da wata gora a leda, bakinsa har kunne. Wai wani ne ya sayar masa a kasuwa, ya ce ƙwayoyin halitta ne masu rai a ciki, in aka tsoma saiwar dashe a ruwan to an yi bankwana da yuriya. Ya ce, "Ƙanwata, kuɗin takin nan naki gara mu ƙara hayar fili da shi."

Gabana ya faɗi, don kuɗin makarantar yara na taɓa.

Allah Ya sa babban ɗansa aikin gona yake karanta a jami'a. Shi ya kai ni gonar, ya tuge shinkafa guda ya wanke saiwar a ruwan kwata, ya ce, "Gwaggo, mai gorar bai yi ƙarya duka ba, kuma nan ne matsalar."

Ashe saiwar shinkafa tana tsattsafo da suga da wasu sinadarai cikin ƙasa, ƙwayoyin bakteriya su ji su biyo, su manne a jikinta su yi ta hayayyafa. Ya nuna mini inda ƙananan saiwoyi ke ɓullowa daga jikin babbar. Kowace in za ta fito sai ta tsaga fatar uwarta, to wannan 'yar tsagar ita ce ƙofarsu. In sun shiga sai su zauna a tsakankanin ƙwayoyin naman saiwar, da cikin wasu hanyoyin iska da shinkafa ke da su, waɗanda da su take numfashi alhali ƙafarta na cikin ruwa. A 2005 wasu masana suka sa wa irin waɗannan ƙwayoyi alamar da ke ƙyalli kore a madubin bincike, suka gan su sun haura daga saiwa zuwa gindin kara har cikin ganye. Ni da na saba rubuta baƙon da ke shiga gida ya wargaza shi, sai ga baƙon da ke bin ta tsagar katanga, mai gida kuma ya ƙara ƙiba!

Labarin Masar ya fi burge ni. A can inda kogin Nilu ke shiga teku, ɗaruruwan shekaru manoma na juya shinkafa da barsim, wata ciyawar dabbobi dangin wake. A 1997 Youssef Yanni da Frank Dazzo da abokan aikinsu suka bayyana cewa bakteriyar da ke zama a saiwar barsim tana komawa cikin saiwar shinkafar da aka shuka bayanta. A 2000 kuma aka samu danginta cikin shinkafar daji a fadamun Senegal da Gini.

Yaya da ke tsaye yana saurare ya ce, "To ai ka ji, maganata ce."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, da saura."

Ya ce a tuna saiwar gyaɗa da wake, da 'yan ƙulla-ƙullan nan da ke jikinta. Ɗakuna ne da shukar ke gina wa bakteriya, a ciki suke mayar da naitirojin na iska ya zama abinci. Shinkafa ba ta gina irin wannan ɗaki. Yawancin amfanin da aka gani a Masar daga sinadaran girma ne da baƙin ke fitarwa, saiwa ta yi yawa ta yi tsawo, ta fi iya zuƙar takin da aka zuba mata. Wato suna rage buƙatar taki, amma sai an zuba ɗin. Su Masarawan ma ba su daina sayen taki ba. Sannan ya ɗaga gorar, ba sunan ƙwayar, ba ranar da aka haɗa, ga ta ta wuni a ranar kasuwa. Ya ce abu mai rai ba ya jure wannan zafin.

Yaya bai ji daɗi ba, babba ne kuma a gaban ɗansa. Mun dawo a mota ba wanda ya ce uffan. Kwana uku bai kira ni ba, ni ma na kama bakina.

A na huɗu ya aiko yaron da takardar yuriya buhu biyu da ya saya, da saƙon cewa ya ware kwata ɗaya a gefen gona ya tsoma dashenta a ruwan gorar, tunda dai an riga an biya.