Baba Mazan Jiya

Yau zan ɗan jingine labarin da muke bi, domin in yi maganar wani dattijo na unguwarmu a nan Sakkwato, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan ya haura shekara casa'in. Ba zan kama sunansa ba, mu dai Baba muke ce masa.

Asalinsa mutumin Wurno ne, ɗan gidan mahauta, don haka dambe gadonsa ne. Da kaka ta yi sai ya naɗe hannu da zare, su bi ƙauyuka da masu kalangu. Yana cikin wannan tashe Turawa suka kwashi samari zuwa yaƙin Hitila. A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, daga can suka shiga ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, suka gwabza da Japan a kwarin kogin Kaladan a 1944. Daji ne da mota ba ta shiga, kaya a ka suke ɗauka, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. A Janairun 1945 su da runduna ta 82 suka karɓe garin Myohaung.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, in ka ce Baba ya ba ka labarin yaƙi, a kalma biyar zai sallame ka. Amma ka taɓo dambe, to ranar ka yini. Zai lissafo maka wanda ya kashe a turmin farko, da garin da aka yi, har ya gangaro kan Shago da Ɗandunawa da waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi musu. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce, "Ɗiyata, can Bama da lamba aka kiranmu, nan kau da sunan ubana makaɗi ka kirana."

Wannan magana ta zauna mini a rai. Ɗan dambe yana da makaɗi, shi ya sa har yau yaron da bai taɓa ganin Shago ba ya san Shago. Sojan Bama kuwa ba shi da maroƙi. Ya yi yaƙin sarkin Ingila, ya dawo da kuɗin sallama da ba su kai na Bature mai muƙami irin nasa ba, ya koma kan teburin nama ya ci gaba da fawa. Akwai barikin Myohaung da na Arakan a Ikko, akwai na Chindit a Zariya, amma mutum nawa ke wucewa ta ƙofarsu ya san cewa sunayen nan daga dajin da kakanninmu suka zubar da jini suka fito?

Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a watse. Ni a ganina mu marubuta mu ne makaɗan da suka rage musu. Duk mai tsoho a gida da ya ga wannan zamani, ko tsohuwar da ta zauna jiran miji, ya zauna da su ya rubuta tun suna da rai.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan. Amin.